Amosanin gaɓɓai a jikin yara: Me alƙaluma ke nunawa?

Masana harkokin kiwon lafiya sun ƙiyasta cewa yara fiye da miliyan 2 ne a duniya ke fama da amosanin gaɓɓai mai daɗewa, kuma mafi yawansu suna nahiyoyin Asiya da Afirka, inda ake da ƙarancin likitocin da suka ƙware a kan cutar.

A ƙasar Hausa, da zarar an ambaci amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne dattijon da gwiwa ta hana shi zaman tahiya, ko kuma tsohuwar da yatsunta suka sanƙare. Shi ya sa iyaye kan yi mamaki idan likita ya shaida masu cewa ɗansu mai shekara uku yana da wannan ciwo.

To sai dai ciwon na yara daban yake da na tsufa. Na tsufa yakan samo asali ne daga zaizayewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa. Shi kuwa na yara, garkuwar jiki ce, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, ke juyowa ta far wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa daga ciki, sai wurin ya kumbura, ya tara ruwa, ya riƙa zugi.

Wane irin ciwo ne?

Likitoci na taƙaita sunan cutar da haruffan JIA. Ana cewa yaro yana da ita ne idan aka cika sharuɗɗa uku: kumburin gaɓa ya fara kafin yaron ya kai shekara 16, ya ɗauki aƙalla makonni shida, sannan an bincika ba a gano wata cutar da ta haddasa shi ba.

Wani likitan yara a birnin Landan, George Frederic Still, yana cikin waɗanda suka fara yin cikakken bayani a kanta. A shekarar 1897 ya wallafa abin da ya gani a jikin yara 22, inda ya nuna cewa ciwon nasu ya sha bamban da na manya. Har yanzu akan kira wani nau'i na cutar da sunansa.

Shekaru da dama bayan haka, likitocin Amurka da na Turai kowa da irin sunan da yake kiran cutar da shi, da kuma irin ma'auninsa. Amurkawa na ƙirga yaron da kumburinsa ya kai makonni shida, su kuwa na Turai sai ya kai watanni uku. Sai a taron da ƙwararru suka yi a birnin Durban na Afirka ta Kudu a 1997, da wanda ya biyo baya a Edmonton ta ƙasar Kanada a 2001, aka daidaita a kan ma'auni guda, aka kuma kasa cutar gida bakwai.

Nau'in farko shi ne mai kama gaɓoɓi huɗu ko ƙasa da haka a watanni shidan farko, galibi gwiwa ko idon sahu. Akwai mai kama gaɓoɓi biyar zuwa sama, wanda aka raba biyu gwargwadon abin da gwajin jini ya nuna. Akwai mai game jiki baki ɗaya, wanda ke zuwa da zazzaɓi mai tashi kullum ya sauka, da ƙuraje masu ɓullowa su ɓace, wani lokaci har da kumburin hanta da saifa. Akwai mai kama mahaɗar jijiya da ƙashi, musamman a diddige da ƙugu da gadon baya. Akwai mai tafiya tare da wata cutar fata mai saɓa. Na bakwai kuma shi ne wanda bai dace da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Alƙaluma masu tazara

Tambayar da masu nazarin yaɗuwar cututtuka suka daɗe suna yi ita ce, yara nawa ne ke da wannan ciwo. Amsoshin da aka samu suna da tazara mai yawa a tsakaninsu.

Wani nazari da masu bincike a Faransa suka wallafa a 2014, wanda ya tattara sakamakon binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa a wasu wuraren yara 4 ne kacal cikin kowane 100,000 aka samu da cutar, yayin da a wasu wuraren adadin ya kai 400. Sababbin masu kamuwa kuwa sun kama daga ƙasa da 2 zuwa 23 cikin 100,000 a kowace shekara.

A ƙasashen arewacin Turai, inda ake da cikakkiyar rajistar marasa lafiya, wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gano cewa yara 15 cikin 100,000 ne ke kamuwa a shekara. A Birtaniya kuma, ƙiyasin da aka fi amfani da shi shi ne yaro ɗaya cikin dubu.

A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta bayyana a 2023 cewa yara da matasa kimanin 220,000 'yan ƙasa da shekara 18 ne likita ya taɓa shaida wa iyayensu cewa suna da amosanin gaɓɓai. Hakan na nufin kusan 305 cikin 100,000. Sai dai wannan adadi ya haɗa da dukkan nau'o'in ciwon, har da waɗanda ba JIA ba.

Wani ɓangare na wannan tazara yana da nasaba da bambancin jinsi da muhalli. Amma babban dalilin shi ne hanyar da aka bi wajen ƙidayar. Mai binciken da ya zauna a asibiti ya duba fayil, yaran da aka kawo asibitin kuma aka gane ciwonsu kaɗai zai ƙirga. Wanda ya shiga gari ya duba yara ɗaya bayan ɗaya, zai ci karo da waɗanda ba a taɓa kai su ko'ina ba.

Darasi daga Ostireliya

Misalin da masana suka fi kafa hujja da shi ya fito ne daga yammacin Ostireliya. A wani bincike da aka wallafa a 1996, an bi makarantu aka duba gaɓoɓin ɗalibai fiye da 2,200 masu shekara 12. An samu tara da cutar, watau huɗu cikin dubu. Daga cikin taran, biyu ne kawai aka san suna da ita kafin zuwan masu binciken.

Wannan ya faru ne a cikin birni, a ƙasa mai arziki, inda ganin likita ba ya wahala. Sakamakon ya sa masana suka fara ɗari-ɗari da duk wani rahoton da ke cewa cutar ba ta da yawa a wani yanki, matuƙar daga fayilolin asibiti kawai aka samo alƙalumansa.

Su wa ta fi kamawa?

Idan aka haɗa nau'o'in baki ɗaya, 'yan mata sun fi maza kamuwa da kusan ninki biyu. Amma kowane nau'i da waɗanda ya fi shafa.

Mai kama gaɓoɓi kaɗan ya fi yawa a tsakanin ƙananan 'yan mata masu shekara ɗaya zuwa huɗu. Mai kama mahaɗar jijiya da ƙashi ya fi samun yara maza da suka haura shekara shida. Nau'in da ya fi kama da amosanin manya yakan bayyana ne a jikin 'yan mata da suka fara tasawa. Shi kuwa mai game jiki da zazzaɓi bai bambance mace da namiji ba.

Cutar ba ta yaɗuwa daga wani yaro zuwa wani. Gado yana da hannu a ciki, domin ɗan'uwan mai cutar ya fi sauran yara yiwuwar kamuwa da ita. Amma ko a tsakanin tagwaye masu kama ɗaya, a mafi yawan lokuta ɗaya ne ke kamuwa ɗayan ya tsira, abin da ke nuna cewa gado shi kaɗai bai isa ya kawo ta ba. Babu kuma wata hujjar kimiyya da ta nuna cewa shan ruwan sanyi, ko wanka da shi, ko kwana a kan siminti na haddasa ta, ko da yake masu ciwon kan ji jikinsu ya fi sanƙarewa a lokacin hunturu.

Kowane yanki da irin nasa

Bincike mafi girma da ya kwatanta yankunan duniya shi ne wanda wata cibiyar haɗin gwiwar likitoci mai hedikwata a birnin Genoa na Italiya ta jagoranta, aka kuma wallafa a 2019. An duba yara fiye da 9,000 a ƙasashe 49.

Binciken ya gano cewa a kudancin Turai, fiye da rabin yaran suna da nau'in nan ne mai kama gaɓoɓi kaɗan. A kudu maso gabashin Asiya kuwa, nau'in mai game jiki da mai kama mahaɗar jijiya su ne a gaba. Kumburin cikin ido, wanda ke tafiya tare da cutar, ya shafi kusan kashi 19 cikin ɗari na yaran arewaci da kudancin Turai, amma kimanin kashi 6 ne a Afirka da Gabas ta Tsakiya.

Abin da ya fi jan hankali a rahoton shi ne, yaran ƙasashe matalauta sun fi fama da tsananin ciwon, gaɓoɓinsu kuma sun fi lalacewa, idan aka kwatanta da takwarorinsu na ƙasashe masu hannu da shuni.

Dangane da jinsi kuma, wani bincike da aka yi a birnin Toronto na Kanada a 2007 ya nuna cewa yaran da ke da asali da Turai sun fi yawa a cikin masu cutar, amma yara baƙar fata sun fi samun nau'i mai tsanani da ke kama gaɓoɓi da yawa. Rahoton hukumar CDC na 2023, wanda ya dogara da amsoshin iyaye a gidajensu, ya nuna cewa amosanin gaɓɓai a tsakanin yara baƙar fata na Amurka ya kai kusan ninki biyu na fararen fata.

Ina aka kwana a Afirka?

An daɗe ana ɗaukar cewa irin waɗannan cututtuka na garkuwar jiki ba su cika kama mutanen Afirka ba. A 1968, wani likita ɗan Birtaniya da ke aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekaru yana aiki a Zariya, ya lura cewa ba kasafai ake ganinsu a asibitin ba. Ya kawo shawarar cewa mai yiwuwa yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da makamantansa ne ke sauya yadda garkuwar jiki ke aiki. Shi ɗin ne kuma ya wallafa bayani a kan yaran yammacin Najeriya da ya gani da amosanin gaɓɓai.

Tun daga lokacin, rahotanni sun ci gaba da fitowa daga asibitocin nahiyar, ciki har da na Legas a 2010, da Cape Town a 2012, da kuma Lusaka a 2013. Dukkansu sun ƙunshi yara 'yan ƙalilan ne, gommai kawai. Amma sun yi tarayya a kan cewa nau'in mai kama gaɓoɓi da yawa ya fi yawa a cikin yaran da ake gani, saɓanin Turai, kuma yaran kan girmi takwarorinsu na Turai a lokacin da aka gano ciwon.

Masana na kallon wannan ta fuska biyu. Yana yiwuwa cutar ce ke da wata kama ta daban a nahiyar. Yana kuma yiwuwa yaran da ciwonsu ya yi tsanani ne kawai ke isa manyan asibitoci, yayin da 'yar shekara biyun da gwiwarta ɗaya ce ta kumbura take gida ana shafa mata man zafi.

Ƙiyasin nan na yara fiye da miliyan 2, wanda aka wallafa a 2020, an same shi ne ta hanyar ɗora alƙaluman da ake da su a kan yawan yaran kowace nahiya. Ana iya yin irin wannan lissafi ga Najeriya, ƙasar da fiye da kashi 40 cikin ɗari na al'ummarta ba su kai shekara 15 ba. Idan aka ɗauki ma'aunin Birtaniya na yaro ɗaya cikin dubu, adadin zai doshi 100,000. Ko da an raba shi goma, ana maganar dubban yara ne.

Cututtukan da ke kama da ita

Wani abin da ke ƙara wahalar da ƙidayar a yammacin Afirka shi ne, akwai cututtuka da dama da ke sa gaɓar yaro ta kumbura, kuma sun fi JIA yawa nesa ba kusa ba.

Na farko shi ne amosanin jini, watau sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a Najeriya a kowace shekara. Ciwon ƙashi da kumburin hannu da ƙafa na daga cikin alamominta na farko. Bambancin shi ne, rikicin sikila kan taso ya lafa cikin 'yan kwanaki, shi kuwa kumburin JIA yana nan mako bayan mako. Yaro guda na iya haɗa cututtukan biyu, kuma a irin wannan hali akan daɗe ana ɗora komai a kan sikilar.

Na biyu shi ne zazzaɓin da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi maganinsa ba, wanda ya fi kama yara masu shekara 5 zuwa 15. Ciwon gaɓarsa yawo yake yi, yau gwiwa, jibi gwiwar hannu, kuma yakan wuce ba tare da ya lalata gaɓar ba. Haɗarinsa yana kan zuciya, domin yana lalata ƙofofinta. Ciwon zuciyar da ke biyo bayansa na hallaka mutane fiye da 300,000 a duniya a kowace shekara, alhali allurar penisilin na iya hana shi.

Na uku shi ne shigar ƙwayar cuta cikin gaɓa kai tsaye. Gaɓa ɗaya ce kan kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, yaron ya ƙi yarda a taɓa ta, ga zazzaɓi mai ƙarfi. Wannan lamari ne na gaggawa, domin gaɓar na iya lalacewa cikin 'yan kwanaki. Kazalika tarin fuka kan sauka a ƙugu ko gwiwa ko ƙashin baya, sannan sankarar jini a wasu yaran da ciwon ƙashi da na gaɓa take fara bayyana.

Saboda haka ne babu wani gwajin jini guda da zai tabbatar da JIA. Likita kan dogara ne da tarihin ciwon, da abin da hannunsa ya ji a gaɓar, da kuma kawar da sauran cututtukan ɗaya bayan ɗaya.

Illar jinkiri

Ƙananan yara ba su cika cewa suna jin ciwo ba. Abin da iyaye za su fara gani shi ne ɗingishi da safe wanda ke raguwa idan rana ta ɗaga, ko yaron da ya iya tafiya ya koma rarrafe, ko ɗalibin da riƙe alƙalami ya fara yi masa wuya.

Da yawa daga cikin irin waɗannan yara akan fara kai su wurin maɗori ne bisa zaton targaɗe, ko a yi masu tsaga ko sakiya don a fitar da abin da ake ganin ya taru. Tsaga a kan gaɓar da ta kumbura na iya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, ɗaure gaɓar na tsawon lokaci kuma yana ƙara sanƙarar da ita.

Wasu kuma a kantin sayar da magani ake haɗa masu ƙwayoyi irin su prednisolone ko dexamethasone. Waɗannan magunguna na kwantar da kumburi nan take, har iyaye su ga kamar an dace. Amma shan su wata da watanni ba tare da kulawar likita ba yana tsayar da girman yaro, ya raunana ƙashinsa, ya kumbura masa fuska, yana kuma iya ɓoye alamomin sankarar jini ko ya ta'azzara tarin fuka.

Idan kumburin ya daɗe, yakan cinye guringuntsi da ƙashi, gaɓar ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa. Ƙafar da gwiwarta ke ciwo kan fi ɗayar tsawo. Idan ya kama muƙamuƙi, haɓar yaron ba za ta girma yadda ya kamata ba.

Sai kuma batun ido. Kumburin cikin ido da ke tafiya da cutar sau da yawa ba ya sa ja, ba ya sa zafi, har sai ya haifar da yanar ido ko ya rage gani. Dalili ke nan da ya sa ake son likitan ido ya riƙa duba yaran da na'urarsa, waɗanda suka fi shiga haɗari kuwa duk bayan watanni uku.

A da ana cewa yara kan rabu da ciwon idan sun girma. Wani bincike a ƙasashen arewacin Turai da ya bi diddigin yara har tsawon shekara 18, aka wallafa shi a 2020, ya nuna cewa kusan rabinsu sun shiga shekarun girma da ciwon bai kwanta ba.

Magani da tsadarsa

Har yanzu babu maganin da ke kawar da cutar baki ɗaya, amma akwai masu kwantar da ita har yaro ya yi karatu da wasa kamar kowa. Ana farawa ne da magungunan rage kumburi irin su ibuprofen da naproxen, da allurar da ake yi a cikin gaɓar kanta, tare da motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi.

Babban sauyi ya zo ne a 1992, lokacin da wani gwajin haɗin gwiwa tsakanin likitocin Amurka da na tsohuwar Tarayyar Sobiyat ya tabbatar da amfanin maganin methotrexate, wanda ake sha ko a yi allurarsa sau ɗaya a mako. Ba shi da tsada sosai, amma yana bukatar gwajin jini a kai a kai. A 1999 kuma Amurka ta amince da amfani da etanercept ga yara, wanda ya buɗe ƙofa ga sababbin magunguna masu toshe sinadaran da ke hura wutar kumburin.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da irin waɗannan sababbin magunguna cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Sai dai tsadarsu, da bukatar ajiye su a firiji, da wajabcin gwada yaro ko yana ɗauke da tarin fuka kafin a fara ba shi, sun sa har yanzu sun fi ƙarfin iyalai da dama a ƙasashe masu tasowa.

A shekarar ta 2019 ne kuma likitocin Afirka masu kula da wannan fanni suka kafa ƙungiyarsu mai suna PAFLAR, da nufin horas da ma'aikatan lafiya da tattara bayanan marasa lafiya a nahiyar. Tun daga shekarar ake ware ranar 18 ga watan Maris domin wayar da kai a kan cututtukan gaɓɓai na yara a faɗin duniya.

Shawarar da ƙwararru ke bai wa iyaye ita ce, duk gaɓar yaron da ta kumbura farat ɗaya tare da zazzaɓi a garzaya da shi asibiti a ranar. Wadda kuma kumburinta ya ƙi sauka bayan 'yan makonni, ko yaron da ke tashi da ɗingishi kowace safiya, a nemi ganin likitan yara a babban asibiti, a kuma tambayi ko akwai bukatar duba masa ido.